Zango da Fito a Cikin Labaran Tafiya na Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci ƙagaggun labaran Hausa na farko, watau waɗanda gasar Hukumar Talifi ta 1933 ta haifar a Zariya, zai ga cewa yawancinsu a kan hanya suke gudana. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman ruwan magani. Ganɗoki ya nufi gabas bayan da Turawa suka ci ƙasa. Shaihu Umar kuwa tun yana yaro aka keta hamada da shi. Bayan waɗannan sai ga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam a 1944, da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano a 1955, waɗanda su ba ƙaga su aka yi ba, tafiye-tafiye ne da marubutan suka yi da kansu.

An daɗe da lura da cewa jigon tafiya ya mamaye waɗannan littattafai. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wace irin tafiya ce, kuma yaya ta yi kama da wadda Bahaushe ya saba yi? Tafiyar Bahaushe ta ƙasa, ko ta fatauci ko ta hajji, a kan abubuwa biyu take tsaye, watau zango da fito. Manufar wannan maƙala ita ce a auna littattafan da wannan ma'auni, a ga wanda ya riƙe su da wanda ya sake su, da kuma abin da adabi ya yi asara saboda sakin.

2.0 Ma'anar Kalmomin

Zango shi ne wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana. Haka nan kuma shi ne tsawon tafiyar da ke tsakanin wannan masauki da na gaba, shi ya sa akan ce gari kaza zango uku ne daga nan. Kalma ɗaya ke nan ta ɗauki wuri da nisa da lokaci. Daga gare ta aka sami ya da zango da cin zango, aka kuma sami sunayen garuruwa irin su Zangon Daura da Zangon Katab da Zangon Aya. A ƙasashen Gana da Togo da Binin, unguwar da Hausawa da sauran baƙi Musulmi suke zaune sunanta zango har yau, kamar Sabon Zango na birnin Ankara. Ko makarantun boko da suka rasa sunan da za su ba kashi ɗaya na shekarar karatu, zangon karatu suka ce.

Fito kuwa shi ne ƙetarar da mutum ko dabba ko kaya daga wannan gaɓa ta kogi zuwa waccan, kuma kuɗin da ake biya sunansa kuɗin fito. Abin lura a nan shi ne inda kalmar ta koma bayan da aka shata iyakoki. A garuruwan bakin iyaka irin su Jibiya da Maigatari da Illela, idan aka ce 'yan fito ana nufin masu ƙetarar da kaya ta bayan idon kwastan, alhali babu ko ɗigon ruwa a wurin. Harshe da kansa ya ɗauki iyakar ƙasa tamkar kogi, wuri ne da ba a wucewa sai da ɗan gari, kuma sai an biya. Haka ma kalmar jirgi. Asalinta abin fito ne na ruwa, amma da dogo ya iso Kano a 1911 sai aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo aka ce jirgin sama. Duk abin da zai ɗauki mutum ya kai shi inda ƙafarsa ba ta iya kai shi, da sunan abin fito Bahaushe ya kira shi.

3.0 Hanyoyi Biyu

Domin a gane nauyin waɗannan kalmomi, ya kamata a dubi matafiyin da kansa. A ɗauki mutumin Zakirai, hedkwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, arewa maso gabas da birnin Kano. Ƙasa ce da gona take haɗe da gona, jama'a ta yi yawa, gonar gado tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta. Damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara rani ne. Saboda haka tun da daɗewa mutanen karkarar Kano suke fita da kaka, wasu ci-rani, wasu almajiranci, wasu fatauci. Ruwan da irin wannan mutum ya sani kuwa shi ne rijiya da kududdufi da rafin da yake komawa yashi da rani. Ranar da ya fara tsayawa a bakin kogin da ba a iya ratsa shi da ƙafa, rana ce da ba ya mancewa da ita.

Hanya ta farko ita ce ta Gwanja, wadda fataken goro suka bi, musamman Agalawa da Tokarawa na ƙauyukan Kano da Katsina, da Kambarin Barebari. Sukan ɗauki kanwa da tufafi da kayan fata a kan jakuna, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa ko Ilo, su ratsa Bargu, su bi ta Nikki da Jugu, har su kai Salaga. Ayarin yana da madugu da jagaba da uban dawaki, kowa da aikinsa. Girman irin wannan ayari ba abin wasa ba ne. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da wani a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000 maza da mata, da dabbobi kimanin haka. Zuwa da dawowa yakan ci watanni masu yawa.

Hanya ta biyu ita ce ta gabas, watau hajjin ƙasa. Daga Kano sai Barno, a bi ta Dikwa zuwa Kusuri, inda kogin Logon ya haɗu da Shari. Nan ake fito zuwa Fort Lami, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973. Daga nan sai Abashe da Adare, a shiga Sudan ta Janaina, a wuce Fashir da Al-Ubayyid, inda ake samun jirgin ƙasa, har a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Can ne ake fito na ƙarshe kuma mafi girma, zuwa Jidda. A zamanin mulkin mallaka wannan hanya ta ratsa ƙasar Ingilishi da ta Faransa da Sudan ta Ingila da Masar, ko wacce da takardunta da kuɗinta. Da ƙafa da jaki aka fara bin ta. Daga baya manyan motoci suka shigo, har a 1948 wasu attajiran Kano, cikinsu da Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai. Amma mota ba ta kawar da zango da fito ba. Inda dare ya yi nan ake shimfiɗa tabarma a gindin mota, idan damina ta faɗi baƙar lakar ƙasar Dikwa ta riƙe taya, a bakin Shari kuma dole a bi layi a jira jirgin fito.

4.0 Zubin Labarin Baka

Wanda ya taɓa zama a zaure ko a dandali a irin waɗannan garuruwa, ya ji tsohon falke ko tsohon alhajin ƙasa yana ba da labari, zai shaida cewa labarin yana da zubi nasa tsayayye. Mai labarin ba ya farawa da inda ya je. Da shiri yake farawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya: gonar da aka jinginar, guzurin da aka haɗa, da waɗanda aka yi sallama da su. Sa'an nan sai ya shiga jera zanguna ɗaya bayan ɗaya, muka tashi daga wuri kaza, muka kwana a wuri kaza. Idan ya tsallake ɗaya yakan tsaya ya koma baya ya gyara, ko wani abokin tafiyarsa ya tuna masa.

Mai sauraron da bai saba ba yana iya ɗaukar wannan jeri a kan maimaici mara amfani. Amma jerin yana da aiki iri uku. Na farko, shaida ce cewa mai maganar ya je da ƙafarsa, domin maƙaryaci ba ya iya jera zanguna talatin bai yi tuntuɓe ba. Na biyu, taswira ce ga wanda zai bi hanyar baɗi. Na uku, kuma shi ya fi shafar manazarcin adabi, zango shi ne babin labarin. Da rana ana tafiya ne kurum, kowa ta kansa yake yi. Sai an sauke kaya an hura wuta sa'an nan ake sanin wanda ba shi da lafiya, da wanda guzurinsa ya ƙare, da jakin da ya yi miki. A zango ake rabon gardama, a nan ake haihuwa, a nan ake binne wanda kwanansa ya ƙare. Halin mutum na rowa ko na kyauta, na haƙuri ko na gajen haƙuri, a zango yake bayyana.

Fito kuwa shi ne ƙololuwar labarin, kuma dalilin haka a fili yake. A kan tudu madugu ne mai iko, shi ya san hanya, shi ke magana da sarakuna. Da an zo bakin ruwa sai iko ya koma hannun sarkin ruwa da masu jirgi, mutanen da sau da yawa ko harshe ba a haɗa da su ba. Attajiri da ɗan dako jirgi ɗaya za su shiga, tsoro ɗaya za su ji. Ayarin da ya yi wata biyu a haɗe dole ya rarrabu, wasu a wannan gaɓa wasu a waccan, kuma ɓarayi sun san da haka. Jakuna sai an ja su suna iyo. Kanwa da gishiri in suka sha ruwa sun tafi, jarin shekara ya narke ana kallo. Ga kuma jira, domin babban ayari yakan yi kwanaki kafin ya gama ƙetarewa. Duk abin da mai ƙaga labari yake nema, watau haɗari da jira da juyawar matsayi da rabuwa, yana nan a bakin kogi ba tare da an kira aljani ba.

Akwai kuma wani abu da hanyar gabas ta ƙara, shi ne zangon da ya zama gida. Alhaji yakan tsaya a wani gari don ya nemi guzurin gaba, ya yi noma ko ɗinki ko aikin auduga a Jazira, shekara ta zama biyar, ya yi aure, ya haifu, ya mutu bai ga Makka ba, bai kuma koma Kano ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, babban misali ne na zangon da ba a tashi ba.

5.0 Littattafan a Kan Ma'auni

Rubutun da ya fi kusa da wannan zubi shi ne mafi tsufa, watau labarin Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth zuwa Tambutu, ya keta hamada da shi zuwa Tarabulus, ya isa Ingila a 1855. Schön ya rubuta labarin daga bakinsa, ya buga a cikin Magana Hausa a 1885. Jimlolinsa gajeru ne, yana bin tafiyar gari bayan gari, yana faɗin abin da aka ci da abin da aka ji tsoro. Dorugu bai karanta wani littafin tafiya ba kafin ya ba da nasa, saboda haka zubin da ya zo da shi na gida ne. Abin takaici, an tanadi littafin ne don Turawa masu koyon Hausa, bai shiga hannun 'yan makarantar Arewa ba a lokacin da ake aza harsashin zube.

A Ruwan Bagaja garuruwa suna da yawa, amma hanya ba ta da nauyi. Ko wane gari dandali ne da Alhaji Imam da Malam Zurƙe za su gwada wa juna wayo, kuma da wasan ya ƙare sai a ɗauke su a ajiye a gari na gaba. Mai karatu ba ya jin gajiya a ƙafarsa, ba ya jin nisa. Ba za a ɗora wa Abubakar Imam laifin wannan ba, domin raha ya nufa, kuma ya same ta fiye da kowa. Sai dai ya kamata a daina lissafa littafin cikin masu nuna tafiyar Bahaushe. Zubinsa na tatsuniya ne da hikayoyin gabas, inda tafiya zare ce kurum da ake shirya duwatsun labari a kai.

Ganɗoki ya fi ban takaici, domin shi ya zo bakin ƙofa ya juya. Bello Kagara ya fara da tarihi na gaskiya, yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, ya kuma sa tauraronsa ya nufi gabas a daidai zamanin da dubban mutane suka yi wannan hijira. A nan ne ake sa ran ganin Shari da Wadai da Darfur. Maimakon haka sai labarin ya tashi sama ya faɗa duniyar aljanu da yaƙe-yaƙen mamaki. Hanyar da masu karatun 1934 suke da 'yan'uwa a kanta, ita ce aka tsallake.

Shaihu Umar ne kaɗai ya ɗauki hanya da muhimmanci. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san cewa ayari hukuma ce mai tafiya, kuma wanda ya shige shi ba shi da gata ya shiga hannun mutane. Mahaifiyar Umar ta bi ayari neman ɗanta, aka ci amanarta, ta wayi gari baiwa a ƙasar da ba ta san kowa ba. Wannan shi ne ainihin tsoron matafiyi, watau ya ƙetare zuwa inda asalinsa ba ya yi masa shaida. Babu babban kogi a hanyar Umar, amma hamada ta tsaya a matsayinsa, kuma guguwar rairayin da ta halaka ayari ta bar shi shi kaɗai tana yin aikin da kifewar jirgi take yi a labarin baka. Ƙarfin littafin daga nan yake, kuma shi ya sa ya jure juyawa zuwa wasan kwaikwayo da kuma fim a 1976.

Tafiya Mabuɗin Ilmi labari ne na gaskiya, kuma yana da fitonsa, domin a 1943 Abubakar Imam ya shiga jirgin ruwa tare da wasu editocin Afirka ta Yamma, cikinsu da Nnamdi Azikiwe, a lokacin da jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suke nutsar da jirage. Amma shi baƙo ne da aka gayyata. An tanadar masa masauki da abinci da jagora, ba ya cinikin kuɗin fito, ba ya tunanin inda zai kwana. Saboda haka hankalinsa ya koma kan abin da ya gani a Ingila da darasin da masu karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo za su ɗauka. Haka Motsi Ya Fi Zama, Turai ce abin kallonsa. Da waɗannan littattafai biyu ma'anar labarin tafiya ta sauya a rubutun boko, ta tashi daga yadda aka je ta koma abin da aka tarar.

6.0 Dalili da Asara

Dalilin wannan sauyi ba ɓoyayye ba ne. Marubutan farko malaman makaranta ne da ma'aikata, yawancinsu 'yan Kwalejin Katsina, kuma hukumar da take buga littattafan abin karantawa take nema wa 'yan makaranta. Tafiyar da ta cancanci littafi a idonsu ita ce wadda ba kowa ya yi ba. Ta falke da ta alhajin ƙasa kuwa kowa ya san ta, ana jin ta a ko wane zaure, don haka ba a ga bukatar rubuta ta ba. Waɗanda suka bi sawunta daga baya masu bincike ne, kuma da Turanci suka rubuta: Birks a kan hajjin ƙasa a 1978, Lovejoy a kan fataken goro a 1980, Bawa Yamba a kan alhazan da suka zauna a Sudan a 1995. Ayyuka ne masu amfani ƙwarai, amma bayani suka adana. Muryar mai labarin da salonsa ba su tsallake fassara ba.

A halin da ake ciki kuwa ita kanta hanyar ta shuɗe. An gina gada tsakanin Gaya da Malanbil a 1958, an gina wata a kan Logon kusa da Kusuri a 1985. Tafkin Akosombo ya cinye tsohuwar Kete Karaci, tafkin Kainji ya cinye tsohuwar Busa a 1968. Jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta zama ta sa'o'i, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuma ya ɗaiɗaita garuruwan Darfur da alhazai suke ya da zango. Fataken jakuna sun daɗe da ƙarewa. Waɗanda suka yi hajjin mota suna samari, wanda ya rage a cikinsu tsoho ne tukuf.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa zango da fito su ne ginshiƙan labarin tafiya na Bahaushe, ɗaya yana raba shi babi-babi, ɗaya yana kai shi ƙololuwa, kuma daga cikin littattafan da aka duba labarin Dorugu da Shaihu Umar ne suka riƙe su. Abin da ya rage aiki ne. Sassan Hausa na jami'o'i suna tura ɗalibai ƙauyuka neman waƙoƙi da tatsuniyoyi da karin magana, ya kamata a ƙara da labarin tafiya a matsayin reshe mai zaman kansa na adabin baka. A garuruwa irin su Zakirai da Gezawa da Minjibir, a nemi tsofaffin da suka bi ta Shari, da 'ya'yan da suka haddace labarin iyayensu. Idan an ɗauka kuma, kada mai gyara ya ce jerin zanguna ya yi tsawo ya datse shi, domin in ya datse shi ya rushe ginin. Marubucin zube na yau da yake neman labari mai nauyi, shi ma ga fili nan: mutumin da ya jinginar da gonarsa a ƙasar Kano, ya yi shekara bakwai a hanya, ya tsaya a Sawakin yana kallon ruwa, kuɗin fito bai cika ba.